Takobin da aka ce babu na biyunsa: nazarin wani ciniki a Alsace

Mutumin da abun da yake tarawa

Wanda zan ba da labarinsa ɗan Damagaram ne, ya kwana biyu a Faransa, a wajen Strasbourg a yankin Alsace yake zaune da iyalinsa. Shi da kansa yace in rubuta amma kar in sa suna, wai kar 'yan gida su ji nawa ya kashe a kan tsohon ƙarfe, to zan riƙa ce masa mutumin namu kawai. Sha'awarsa takubban sojan Faransa ne na ƙarni na 19, ya fara tun 2014 da wani ɗan gajeren takobin sojan ƙasa mai mariƙin tagulla wanda Faransawa ke kira birike, irin na zamanin Napoleon, daga nan abu ya shiga jininsa, kafin 2021 yana da guda tara a bangon falonsa, matarsa kuma ta daina magana ta zuba masa ido.

Akwai abun da sai an fahimce shi kafin a gane matsalar. Sojan Faransa ba kara zube suke ƙera takobi ba. Kowane iri akwai shekarar da gwamnati ta amince da shi, da tsawonsa, da lanƙwasarsa, da irin ƙarfen mariƙinsa, sunan takobin ma shekarar ce, sai kaji ance samfurin 1822 na sojan doki, samfurin 1845 ko 1882 na hafsoshin sojan ƙasa. Wanda aka raba wa ƙananan sojoji kayan gwamnati ne, a maƙerar gwamnati ake yinsa, a buga masa tambarin masu duba aiki a gindin ruwan takobin, a rubuta sunan maƙerar da wata da shekara a bayansa, a sa masa lamba a mariƙi da kube. Su kuwa hafsoshi da kuɗin aljihunsu suke sayen nasu a wajen 'yan kasuwa, kuma duk inda mutum ya biya da kuɗinsa sai ya nuna son ransa. Musamman waɗanda suka yi yaƙi a Aljeriya bayan 1830, da yawa sun riƙa sa a yi musu takubba da suka saɓa wa ƙa'ida, mariƙin baƙin ƙarfe mai rassa da yawa maimakon tagulla, wasu su sa ruwan takobi mai kusurwa uku irin wanda Janar Préval ya fito dashi don suka kawai. Irin waɗannan su ake kira fantezi, kuma su ne masu tara kaya ke rububi idan sun gaji da na gama gari.

Tarkon kuma a nan yake. Takobin ƙa'ida kana buɗe littafi ka gwada, in ya dace ya dace. Fantezi kuwa abun da ya sa yake da tsada shi ne bai dace da littafi ba, to shi ma takobin da wani ya harhaɗa a garejinsa shekaranjiya bai dace da littafi ba.

Satumba 2021: cinikin

Ranar wata Lahadi ce a kasuwar tsofaffin kaya ta wani ƙauye, irin wadda kowa ke fito da tarkacen gidansa ya baje a bakin titi. Wani mutum mai farar motar kaya ya shimfiɗa bargo, akwai hulunan ƙarfe, lambobin yabo, bananet uku, sai takobin a gefe. Ruwansa mai lanƙwasa ne, mai faɗin kwarmi a tsakiya da wani siriri kusa da baya, duk tsatsa ta yi masa baƙi. Mariƙin baƙin ƙarfe ne mai rassa biyar da suka rufe hannu gaba ɗaya, wurin riƙon kuma ƙaho ne da aka naɗe da waya. Kuben ƙarfe ne, zobe ɗaya.

Mai kayan yace na wani hafsan Chasseurs d'Afrique ne, wato sojan dokin Faransa na Arewacin Afirka, wai tun lokacin cin Aljeriya, wai a soron wani tsohon gida aka same shi lokacin rabon gado, kuma shekara talatin yana sana'ar bai taɓa ganin na biyunsa ba. Ya sa kuɗi Yuro 1,200. Mutumin namu ya zagaya kasuwar sau biyu don kar a ga zalamarsa, ya dawo, aka yi ta ja har aka tsaya a 850. Ya je na'urar cirar kuɗi ya ciro ya biya tsaba. Bai karɓi rasit ba, bai tambayi suna ba, lambar waya kawai aka rubuta masa a bayan wata takarda. A teburi na uku daga nan akwai samfurin 1822 na ƙananan sojoji cikakke da kubensa a kan Yuro 320, ya gan shi ya wuce.

Oktoba zuwa Disamba 2021: tambaye-tambaye, sai ruwan khal

Abu na farko da ya yi shi ne ya ɗauki hoto ya tura wa abokan harkarsa uku. Na farko yace kai ka yi sa'a, wannan fantezin Afirka ne sak. Na biyu yace mariƙin ya yi kama da na wajen 1860 zuwa 1880 amma ruwan takobin ya girme shi. Na uku bai ce komai ba sai "ka auna tsawonsa tukuna", shi kuma mutumin namu ya ɗauki wannan a matsayin hassada, bai auna ba.

Ya koma kan littattafansa guda huɗu, ya yi sati biyu yana buɗe shafi bayan shafi bai ga irinsa ba, kuma maimakon hakan ya dame shi sai ya ƙara masa daɗi, tunda ai an ce masa babu na biyunsa.

Sai batun tsatsa. A bayan ruwan takobin ana iya hango akwai rubutu a ƙarƙashin baƙin amma ba ya karantuwa, shi kuma ya ƙagu. Wani a wurin aikinsa ya ce masa ruwan khal na cin tsatsa, kuma gaskiya ne yana ci, abun da ba a faɗa masa ba shi ne ba ya tsayawa a kan tsatsar. Ya sami bututun roba ya toshe ƙasansa ya cika da ruwan khal ya tsoma ruwan takobin har zuwa gindi, ya barshi kwana biyu. Da ya ciro, tsatsar ta tafi, ƙarfen kuma ya koma toka-toka ba ƙyalli ko kaɗan kaman an shafa masa habɗi, duk ramukan da tsatsa ta ci suka fito fili, ga wani layi a gindi daidai inda ruwan ya tsaya. Hankalinsa ya tashi, sai ya ɗauko samfefa mai lamba 400 don ya dawo da ƙyallin, ya bi ko'ina har bayan. Shi kuwa rubutun Faransawa na bayan takobi siriri ne kaman na alƙalami, ba shi da zurfi. Kafin ya farga sunan watan ya goge gaba ɗaya, lambobin shekarar sun rage kaman inuwa. Farkon rubutun ne kawai ya tsira sabida yana kusa da mariƙi inda hannunsa bai kai sosai ba.

A nan ya tsaya, ya shafa mai, ya naɗe shi a tsumma ya tura ƙarƙashin gado. Ya ce min kusan wata ɗaya ko kallonsa ba ya son yi.

Janairu zuwa Maris 2022: awo

Abokin nan na uku ne ya zo har gida da nasa samfurin 1822 cikakke, da tef ɗin awo, da tocila, da gilashin ƙara girma. Suka kashe fitilar ɗaki suka kwantar da hasken tocila a kan bayan takobin ta gefe, ba daga sama ba, yadda ko ɗan ƙanƙanin rami zai yi inuwa, sannan suka ɗora siririyar takarda suka goga fensir a hankali. Abun da ya fito shi ne Manufre Rle du Klingenthal, wato sunan maƙerar gwamnati ta ƙauyen Klingenthal, sai gurbin wata, sai 1828. Kalmar Rle taƙaitawa ce ta "ta sarki", kuma ta dace da shekarar, don a 1828 Charles na 10 ne a kan gadon sarauta. Wannan ɗan harafin ma kansa kalanda ne ga wanda ya san harkar, maƙerun gwamnatin Faransa sun riƙa canja shi duk lokacin da mulki ya juya, "ta sarki" har zuwa 1848, "ta ƙasa" daga 1848 zuwa 1852, "ta daular sarkin sarakuna" zamanin Napoleon na 3 har 1870. In ka ga kalmar da shekarar sun saɓa to ka ajiye kuɗinka. A nan ba su saɓa ba.

A gindin ruwan takobin kuma ga tamburan masu duba aiki, ƙananan haruffa a cikin da'ira. Da suka jera shi da na abokin, lanƙwasa ɗaya, kwarmi biyu iri ɗaya, faɗi ɗaya. Wato ruwan takobin samfurin 1822 ne na sojan doki marasa nauyin kaya, na ƙananan sojoji, irin wanda aka ƙera da yawan gaske, wanda har gobe sojan dokin Garde républicaine ke riƙewa a faretin 14 ga Yuli a Paris, wanda Amurkawa ma suka kwafa suka yi nasu na 1840. Sai dai tsawo. Na ƙa'ida santimita 92 ne, na abokin 92 cif, na mutumin namu 85. Suka daidaita gindi da gindi, kwarmin duka biyun suka ƙare wuri ɗaya, amma daga ƙarshen kwarmi zuwa tsini nasa ya gaza da santimita 7. An yanke tsinin ne aka sake fiƙe shi.

Sai kube. Suka zura siririyar sanda a ciki suka auna zurfinsa, cikakken ruwan takobi mai 92 zai shiga ya zauna daidai, sun ma gwada da na abokin ya shiga har wuya. A ƙasan zoben akwai tabon inda aka cire zobe na biyu, samfurin 1822 da zobe biyu aka fara yinsa, sai can a shekarun 1880 aka koma zobe ɗaya aka riƙa cire na ƙasan. Kuma akwai lambar gwamnati a jikin kuben, mariƙin kuwa babu lamba ko ɗaya.

Labarin mai farar mota ya riga ya karye a nan, ko da ba a duba komai ba sai shekaru. Faransa ta shiga Aljiyas a Yulin 1830, ita rundunar Chasseurs d'Afrique a Nuwamban 1831 aka kafa ta, zobe ɗaya kuma na bayan shekara hamsin ne. Amma karyewar labari ba ta nufin takobin na banza ne, sai abu ya rage tsakanin biyu. Ko dai wani hafsa ne a ƙarshen ƙarni na 19 ya ɗauki tsohon ruwan takobi, wataƙila na ubansa, ya kai wa mai shagon takubba ya rage masa tsawo ya ɗora sabon mariƙi, kuma hakan ana yi sosai a lokacin, masu tara kaya na mutunta irinsa suna biyan kuɗi mai kyau. Ko kuma wani ne a zamaninmu ya tsinci gunduwa uku a akwati uku ya haɗa.

Mutumin namu ya rungumi na farkon da hannu biyu, kuma ina ganin na san dalili. A cikin satin ya kira mahaifinsa a Zinder suna hira ya ba shi labari, tsohon ya yi dariya yace to kai menene abun damuwa, takobin kakanka da ke ɗakina sau nawa aka sake masa ƙota, kuben ma baduku ya sake shi ina yaro ya kuma sake shi shekarar da aka yi maka kaciya, akwai wanda ya taɓa cewa ba takobin kaka ba ne? Yace Baba ai nan ba haka suke kallon abun ba. Tsohon yace to su suka sani. Kuma maganar tsohon gaskiya ce a wurinmu, takobi ruwansa ne takobi, sauran duk sutura ce, tun da can ma yawancin ruwan takubban ƙasar Hausa da na Buzaye daga Turai suke zuwa ta hamada, na Solingen ta Jamus da makamantansu, maƙeranmu da dukawa su yi musu ƙota da kube da hamila, in sun tsufa a sake. Shi Bafaranshe mai tara kaya kuwa abun da yake saye shi ne ranar da aka haɗa gunduwoyin da kuma hannun da ya haɗa su. Mutumin namu ya yi wata uku yana auna kayan Faransa da mudun gida.

Yuni 2022: Klingenthal

Ƙauyen bai kai tafiyar awa ɗaya a mota ba daga inda yake zaune, amma shekara takwas yana tara takubba bai taɓa zuwa ba. Sunan ma da Jamusanci kwarin ruwan takubba yake nufi. A 1730 zamanin Louis na 15 aka kafa maƙerar a bakin rafin Ehn don ruwa ya riƙa juya gudumomi da duwatsun wasa, maƙeran farko daga Solingen aka ɗauko su don Faransa ta daina sayen makami a hannun maƙwabta. Bayan an ci Napoleon da yaƙi gwamnati ta ga wurin ya yi kusa da iyaka da yawa, ta buɗe wata a Châtellerault a 1819 can cikin ƙasa, ta janye hannunta daga Klingenthal a 1836, iyalan Coulaux suka saye a 1838 suka ci gaba da yin takubban hafsoshi da lauje da sauran kayan aiki har aka rufe a 1962. Yanzu akwai ɗan gidan tarihi a tsohon ginin makarantar ƙauyen.

Bai kai takobin ba, a Faransa mallakar irin wannan ba laifi ba ne ga baligi amma yawo dashi ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba matsala ce, hotuna da takardar fensir ɗin kawai ya riƙe. Abun da ya samu a can shi ne ya ga rubutun baya da tambura na gaskiya da idonsa a kan takubba da yawa, ya tabbatar nasa irinsu ne, ya kuma ga yadda ake haɗa takobi, wutsiyar ƙarfen tana ratsa mariƙi ta fito a ƙarshe a dake kanta da guduma ta baje ta riƙe komai, babu gam babu kusa. Ziyarar ta tabbatar masa da ruwan takobin, wanda dama babu mai gardama a kansa. Tambayar yaushe aka haɗa tana nan inda ya barta.

Yuli 2022: teburin mai gyara

Abokin ne dai ya haɗa shi da wani dattijo mai gyaran tsofaffin makamai, wanda ya karɓi Yuro 90 kuɗin dubawa. Mutumin namu ya so a kwance mariƙin a ga ciki, dattijon ya ƙi, yace in dakan wutsiyar na asali ne to kwance shi ɓarna ce da ba ta gyaruwa, in kuma ba na asali ba ne ba sai an kwance ba za a gani.

Ya fara da kan wutsiyar a ƙarƙashin gilashi. Tsohon daka yakan sulɓe ya saje da ƙarfen da ke kewaye dashi, launinsu ɗaya tsatsarsu ɗaya. Wannan kuwa sawun guduma na nan da kaifinsa, baƙin da ke kansa kuma da aka goga auduga mai ɗan mai sai ya fara bin audugar, farin ƙarfe ya leƙo, wato shafa masa aka yi. Dattijon yace wannan kaɗai bai isa ba, ana iya sake dakan takobi na gaskiya in ya yi sako-sako. Ya ɗaga 'yar fatar da ke tsakanin ruwan takobi da mariƙi, fata ce mai taushi, gefenta a yanke tas. A ƙarƙashinta ramin da wutsiya ke shiga an faɗaɗa shi da zarto, sawun zarton fari fat babu ɗigon tsatsa, alhali duk sauran mariƙin ya yi duhun shekaru. Yace wannan mariƙin wani ruwan takobi aka yi wa, siriri, ba wannan ba.

Sannan ya ja labule ya kunna irin tocilar nan mai shuɗin haske da ake duba jabun kuɗi da ita, ya haska bakin ƙahon ta ciki. Wani siririn layi ya haskaka zagaye da wutsiyar. Yace gam ne, saura a san wane iri, don gam ɗin da ma na fata da ƙashi shi ma yana haskawa. Ya ɓantaro ɗan ƙwaya da bakin allura ya jefa a ruwan zafi. Na fata da ƙashi yakan kumbura ya yi laushi cikin mintuna, wannan aka sha shayi aka gama yana nan da taurinsa kaman gilashi. Gam ɗin zamani ne mai kwalba biyu da ake cakuɗawa, irin su Araldite, wanda bai shigo kasuwa ba sai 1946. Duka aikin bai kai awa ɗaya da rabi ba.

A takardar da ya rubuta masa ya sa cewa ruwan takobi na gaskiya ne na 1828 an rage masa tsawo an kuma lalata fuskarsa da tsami, kube na gaskiya ne na wani takobin daban, mariƙi na gaskiya ne na fantezin hafsa na rabin ƙarshen ƙarni na 19, haɗin kuma na bayan yaƙin duniya na biyu ne, a zatonsa ma bai wuce shekara talatin ko arba'in ba. Ya ƙiyasta kuɗinsa a Yuro 200 zuwa 250 in aka sayar dashi da sunansa na gaskiya, kwampozit, wato haɗe-haɗe. Ya ƙara da cewa da bai sha ruwan khal ba da ya ɗan fi haka.

Satumba zuwa Nuwamba 2022: neman haƙƙi da yadda aka ƙare

Lambar wayar da aka rubuta masa ta shiga sau ɗaya, mai kayan ya saurara yace shi ma yadda aka gaya masa ya faɗa, kuma an gani an taɓa kafin a biya, daga nan bai sake ɗauka ba. Mutumin namu ya koma kasuwar ƙauyen da ta zagayo, babu farar mota. Ya nemi shawara aka ce masa akwai dokar 3 ga Maris 1981 da Faransawa ke kira dokar Marcus, wadda ta ba mai sayen kayan tarihi damar ya nemi a rubuta masa a takarda menene abun da zamaninsa, kuma abun da aka rubuta ya ɗaure mai sayarwa. Shi ba takarda, ba suna, ba shaida, ga shi kuma ya canja kamannin kayan da hannunsa. Ya haƙura.

Wani ya yi masa tayin Yuro 280 don mariƙin kawai yake so, abokin na farko kuma ya ba shi shawara ya kai wata kasuwar ya maimaita labarin hafsan Aljeriya ya fanshe kuɗinsa. Duka ya ƙi. Ya mayar wa dattijon ya biya wasu Yuro 60 aka bi ruwan takobin da mai da soson ƙarfe mafi laushi aka rage tokar, aka shafe shi da kakin adana ƙarfe, tabon tsamin dai bai fita ba kuma ba zai fita ba. Jimillar abun da ya kashe ta kama Yuro 1,000 cif.

A Nuwamba ya sayi wani fantezin a wurin gwanjo na hukuma, mai ruwa irin na Préval. Wannan karon ya je ranar duba kaya da tef da tocila biyu, ya auna zurfin kube, ya duba kan wutsiya, ya karanta abun da aka rubuta a kundin gwanjon kalma kalma, ya karɓi takardarsa. Dattijon ya duba daga baya bai sami abun cewa ba.

Abun da nake gani

Littafi bai taimake shi ba sabida tambayar da ya kai wa littafi ba tasa ba ce, littafi na faɗin abun da gwamnati ta amince dashi, ba ya faɗin ko abun da ya saɓa ɗin tsoho ne. Hoto bai taimaka ba sabida hoto ba ya nuna zurfin kube ko ƙarƙashin fata, kuma cikin ra'ayi uku ya zaɓi wanda ya yi masa daɗi. Klingenthal ta amsa abun da ba a tambaya ba. Abun da ya yi aiki duk abu ne mai lamba ko mai ranar haihuwa, santimita 7 da suka ɓace, zoben da aka cire, sawun zarto mara tsatsa, gam ɗin da bai girmi 1946 ba, kuma rabinsu da tef ɗin awo na Yuro biyu da sanda za a iya gano su a tsaye a gaban bargon mai farar mota, kafin a je na'urar cirar kuɗi. Ni kuben ma kaɗai ya ishe ni shakka, hafsan da zai biya a rage masa takobi a yi masa sabon mariƙi ba zai rataya shi a kuben kurtu mai lambar gwamnati da rarar wuri a ƙasa ba.

Ban ɗora wa mai kayan laifin haɗin ba don babu shaidar shi ya haɗa, irin waɗannan suna yawo hannu zuwa hannu labarin na ƙara tsawo. Ɓarnar da ta fi ci min rai ita ce ta ruwan khal, don ita ce kaɗai aka yi wa abu na gaskiya, rubutun da ya yi shekara 193 lafiya lau ya tafi a yamma ɗaya. Kuma abun mamaki akwai abu mai wuyar samu a cikin cinikin, mariƙin, sai dai an raba shi da ruwansa na asali tun kafin ya iso bargon.

Takobin na nan a bangon falon, na ƙarshe daga hagu, ya ɗaura masa 'yar takarda da zare ya rubuta da Faransanci da Hausa: ruwa 1828, mariƙi wajen 1870, kube na wani ne, gam na jiya. Mahaifinsa kuma yace in zai zo gida ya taho masa dashi, akwai baduku a Birni da zai yi masa kube daidai tsawonsa.